Yadda Birin Hada Ya Koya Miki Karatu

Aziziyya, Makka.

Zuwa ga Ummi, uwata kuma 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya kai ku Riyad lafiya, ke da Majid da Ammar da Jumana. Allah ya tsare ku daga sharrin taya, da sharrin gyangyaɗi, da sharrin direban da ke latsa waya. Allah ya sa wannan canjin wurin aiki da aka yi wa mijinki ya zama alheri, ya haɗa ku da maƙwabta masu amsa sallama. Na sa takardar nan a saman kwalin dabinon da na ba ku saboda na san surukina, kafin ku fita daga unguwa zai buɗe kwalin. Da na ce zan yi miki maganar da baki, kafin in kai rabi kin ce, "Baba, zamani ya canza." Takarda kuwa ba a katse ta.

Da farko ina taya ki murna. Ranar Juma'a da na zo gidanku na ga jadawalin da kika liƙa a jikin firiji. Masha Allah, tunda nake ban ga takarda mai kyau irinta ba, ko a bangon asibiti. Kore na lissafi, shuɗi na Larabci, ja na Turanci, har da ɗan gidan da aka ware wa yaro ya sha ruwa. Majid ya ce tunda ƙaurar ta faɗo a tsakiyar shekara, ke za ki koyar da Ammar a gida har a buɗe sabon ɗaukar ɗalibai. Ya ce har hanya kin yi wa nata jadawalin: daga nan zuwa Ɗa'ifa haruffa, daga Ɗa'ifa zuwa inda za ku ci abinci haɗa baƙi. Ban taɓa jin an yi wa hamada jadawali ba, na tabbata za ta ji daɗi.

Abu ɗaya ne ban gani a jikin firijin ba, shi ne yaron da aka yi wa. Shi a ƙarƙashin tebur na same shi, littafi a gabansa, baki a rufe kamar shago lokacin huɗuba. Ya shekara takwas, ba ya yarda ya yi karatu a gabanki, ke kuma kin shige kicin idonki ja. Kika ce mini albasa ce, alhali shayi kike dafawa. Na san abin da ke cin ki. Kina tsoron a kai shi sabuwar makaranta a baƙon gari, a tsayar da shi gaban allo, ya kasa, a yi masa dariya, ya rufe bakin har abada. Saboda wannan na zauna rubutu. Ni na riga ki yin jadawali, kuma a kanki na yi shi.

Ba za ki tuna duka ba, bari in tuna miki. Shekarar da Hajiya mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, ta kwanta ciwo a Kano, muka kwashe gaba ɗaya muka tafi jinya. Kafin mu dawo an rufe ɗaukar ɗalibai, aka ce mu jira baɗi. Kina kamar shekarun Ammar, ƙanenki Bilya yana ɗan tatsitsi. Alhazai sun watse, Aziziyya ta koma kamar gidan biki washegari, shagona na dabino da carbi ƙuda ne kawai ke shigowa, su ma ba sa saye. Ɗan kasuwa idan ya rasa mai saye, iyalinsa yake komawa kai. Na ce wa Mamanku ni zan koyar da ku. Ta dube ni ta ce, "Da wane karatun?" Na tuna mata na yi aji uku a sakandare. Ta ce ta sha jin labarin ajin, shaidarsa ce dai ba ta taɓa gani ba.

Na sayo farin allo, na sayo ƙararrawa irin ta teburin otal, na yi shela cewa a falo sunana Mudir, wato shugaban makaranta. Bilya ya karɓi tsarin hannu bibbiyu saboda ƙararrawar. Ke kuwa kina zuba surori da ka kamar rediyo, amma da an buɗe littafi an ce karanta, sai ki zama gunki. Ashe kafin mu tafi Kano an taɓa tsayar da ke gaban aji, kika sarƙe a kan kalma ɗaya, yara suka bushe da dariya, tun ranar kika sa wa bakinki kwaɗo. Mamanku ta sani. Ni ban sani ba, don ban tambaya ba, Mudir ba ya tambaya.

Sai na yi miki irin abin da sabon yaron shago ke yi wa alhaji: ya tare shi a bakin ƙofa, ya riƙe masa hannun riga, "Hajji dabino, Hajji carbi." Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san abin da ke biyo baya. Alhajin da aka ja wa riga, ko da dabinon ya fito saye, shagon gaba zai wuce. Shekara da shekaru ina hana masu yi mini aiki wannan ɗabi'a, na shigo gidana na aikata ta safe da yamma, da ƙararrawa. To shawara ta farko, ki saki rigar Ammar. Ki baje kayan inda zai gani, ki kau da kai kamar ba ki damu ba. Mai saye ba ya taɓa kaya sai mai shago ya waiwaya.

Ana cikin haka matar Kawunku Sabo ta haihu a Riyad, aka gayyace mu suna. Na ce ga dama ta samu, tafiya mabuɗin ilimi. Na aro tsohuwar Jamsi a wurin wani abokina mai gashin tsire a unguwar Mansur, irin doguwar motar nan mai shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya, kujerunta duk ƙanshin yaji. Na ɗaure farin allona a saman mota da igiya. Mamanku ta cika baya da tukwane da filas da kuka da daddawa da wata baƙar jaka da ba wanda ya san ƙarshenta. Na ce mata, "Hajiya, a Riyad akwai abinci fa." Ta ce, "Akwai allo ma."

Muka kama hanyar Hada, wadda ke hawa dutse tana nannaɗewa kamar rawani. Mamanku ta rufe ido, ta ɗora lemon tsami a hanci, hajijiya ta kama ta. Can sama sai ga birai jere a kan katangar titi kamar masu jiran bas. Na taka birki na ce lokacin darasin dabbobi ya yi. Ba ta ko buɗe ido ba ta ce, "Alhaji, rufe gilashi." Na ce ba a neman ilimi ta bayan gilashi. Na zuro kai waje da ayaba a hannu ina bayani: "Ku dubi hannunsa da kyau, yatsu biyar ne kamar namu." Sai babban cikinsu ya nuna mana amfanin yatsun. Da hannu ɗaya ya karɓi ayaba, da ɗayan ya zare mini tabarau daga fuska, a tsanake, kamar dama ajiya ya ba ni. Ya haye dutse ya zauna, ya ɗanɗana su, bai ji daɗi ba, ya ɗora a ka.

Bilya ya leƙa ya ce, "Baba, yanzu shi ne Mudir?"

Kika yi dariya har kika shaƙe. Wannan ce dariyar farko da kika yi a cikin darasina. Mamanku ta buɗe ido ɗaya ta ce, "An tashi aji?"

Shawara ta biyu mai sauƙi ce: ku rufe gilashi a Hada. Amma tana da 'yar'uwa. Abin da kika ga yaro yana kallo baki buɗe, kada ki sa masa baki. Biri ba ya buƙatar tafinta, dutse ma haka. In Ammar ya manne da taga, ki bar jadawali ya huta a cinyarki.

Kada ki ce na yi ganganci da rayukanku. Idona a lokacin yana ganin tirela, yana ganin raƙumi, yana hango ɗan sanda tun kafin shi ya hango ni. Rubutu ne kawai ke zama mini kamar tururuwa ta faɗa cikin shayi. Hanyar kuwa daga Ɗa'ifa miƙaƙƙiya ce kamar sandar awo, na ce ba komai.

Muka faɗa hamada. Mun wuce gidajen mai masu masallaci, Mamanku tana cewa mu tsaya mu yi salla, ina cewa a'a. Asarar da na yi a darasin dabbobi nake so in fanshe, zan nuna muku yadda magabata ke gane alƙibla da rana. Da la'asar ta yi na tsaya a fili kusa da wata gada da motoci ke juyawa, na shimfiɗa tabarma, na tara ku. Na ce, "Kakanku ya koya mini a Kano, da la'asar ka sa rana a ƙeyarka, inuwarka a gabanka, ka kabbara." Maganar kakanku gaskiya ce a Kano. Gaskiya ce a Jidda ma. A Makka kuwa ba wanda ke tambayar rana, sahu kawai ake bi. Abin da ban lissafa ba shi ne, tunda uwata ta haife ni ban taɓa yin salla a fili ta wancan gefen Ka'aba ba.

Na sa rana a ƙeya, na ja ku azahar da la'asar ƙasaru, cikin natsuwa irin ta limamin da ya san ana kallonsa. Wani direban tirela ya wuce yana ta danna oda. Na ɗauka gaisuwa ce.

Ina sallamewa na ji 'yar murya a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Baba, Makka tana bayanmu."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Allon can."

Na ɗaga kai, akwai wani babban shuɗin allo a gabanmu, ni dai kibiyoyi biyu nake gani da tururuwa. Na ce, "Me ya ce? Ba na gani." A wannan karon gaskiya na faɗa. Kika ɗaga yatsa kina bin haruffan a iska: "Wadda ta miƙe, Ri... Riyad. Wadda ta lanƙwasa ta koma baya, Mak... Makkatul Mukarrama."

Wata da watanni ina kaɗa ƙararrawa ban ji harafi ɗaya daga bakinki ba, sai ranar da na juya wa ɗakin Allah baya da iyalina duka. Mamanku ta gyara mayafi ta ce, "Ni dai liman na bi. Kuskuren da nake yi ke nan tun ranar ɗaurin aure." Muka juya tabarma muka fuskanci rana muka sake. Na daɗe a sujada, da na ɗago Bilya ya ce idona ya yi ja. Na ce yashi ne. Kin ga inda kika gaji albasa.

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanda ya yi karin maganar nan biri bai taɓa ƙwace masa tabarau ba. Shawara ta uku, abin da yake daidai a gidan ubanki ba lalle ya zama daidai a inda za ki ba. A Riyad yamma ake fuskanta. Ki tambaya kafin ki kabbara, a salla da abin da ba salla ba. Kuma ranar da ɗanki ya gyara miki kuskure, ki juya tabarmar a gabansa yana gani. Yaron da ya ga babba ya yi kuskure bai mutu ba, shi ma zai yarda ya gwada.

Yanzu na zo kan abin da ba ki sani ba. Mun kwana a ɗakunan matafiya da ke bakin hanya. Da safe muna karyawa da ful, wato dafaffen waken Larabawa, da gurasar tamis, Mamanku ta zura hannu cikin baƙar jakar nan ta taɓo ni ta ƙarƙashin faranti. Tsofaffin tabarauna ne. Ta ce a hankali, "Na san halinka, shi ya sa na taho da su." Na riƙe su a tafin hannu. Na waiwaya na gan ki riƙe da kwalin madara, leɓenki yana motsi, kina zaton ba mai kallonki. Na mayar mata na ce, "Ɓoye."

Ta ce, "Ni fa? Ai ina iya karatu."

Na ce, "Ke kina da hajijiya."

"Ta warke."

"Ta dawo."

Ta dube ni, ta dube ki, ta ɗauko lemon tsami ta mayar a hanci. Tun da na auri matar nan ban ga ta shiga ciniki da sauri haka ba. A kasuwa na koyi cewa in ka yabi mutum sai ya fara zargin ka, in ka nuna kana buƙatarsa sai ya zauna ya sha shayi. Wata da watanni ina ce miki "yi ƙoƙari," abin da ya kamata in ce shi ne "taimake ni."

Muka shiga Riyad. Ke kin san a Makka ba a ɓata, duk hanyar da ta gangara Harami za ta, duk wanda ka tambaya da Harami zai yi maka kwatance. Riyad kuwa shimfiɗe take kamar faranti, ba gangara ba tsakiya, titi a kan titi, gada a kan gada, gidaje na gilashi suna mayar maka da hasken rana kamar ka ci bashinsu. Bilya ya tambaya ina Haraminsu yake. Kawunku ya yi mana kwatance ta waya, ya ce mu bi babban titin da ya zagaye gari mu fita inda aka rubuta Nasim, sunan unguwarsu. Mamanku ta koma baya da lemonta, na ce miki, "Uwata, daga yanzu ke ce idon motar nan. In kika yi shiru, a Riyad za mu tsufa."

Kika gyara zama kamar matuƙin jirgi. Matsalar ita ce alluna ba sa jira. "An... na... na..." kafin ki kai ƙarshe mun wuce. Mu zagayo, mu sake wucewa. Akwai wata doguwar hasumiya da muka yi ta gilmawa ta gabanta, har Bilya ya ce mutanen Riyad ba su da dabara, duk hasumiyoyinsu iri ɗaya ne. Rana ta take, Jamsi ta fara huci, motoci na tsala gudu ta dama da hagu kamar an biyo su. Sai Mudir ya farka a cikina. Na daka miki tsawa: "Ke yi sauri mana, 'yan haruffa nawa ne?"

Kika rufe baki. Allo ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, shiru. Ta madubi na ga Mamanku ta cire lemo daga hanci. Ta ce, "Halas, shi ke nan, ka rufe shagon da hannunka." Hannunta ya nufi baƙar jaka, na girgiza mata kai. A nan ne fa cinikin ya kusa watsewa, don da na sa tabarau a lokacin da mun isa da wuri, ke kuma da kin koma gunki.

Na fita daga babban titi, na shiga wata unguwa da ban san sunanta ba har yau, na tsaya gaban mai askirim. Na sayo, na tsuguna a bakin ƙofar mota. Na ce, "Uwata, makaho ba ya faɗa da ɗan jagora. Na yi laifi." Kika karɓi askirim ɗin tukuna, don ke 'yar ɗan kasuwa ce. Sai da kika sha rabi kika ce, "Kai ne kake gudu."

Na ce, "To yaya za a yi?"

"Ka bi gefen dama, ka rage. In na ce tsaya in gani, kada ka yi magana."

Na ce na ji na yarda. Muka koma titi muna rarrafe a layin dama kamar masu rakiyar amarya. Oda kuwa mun sha ta, wani ya zuro hannu ta taga ya yi mini wata alama da ba a koyar da ita a aji uku. Ban kula ba. Can na ji kin fara, "An... Na... sim. Nasim. Baba, nan ne, nan ne." Na karya kan mota. Mamanku ta rangaɗa guɗa a cikin Jamsi, ta manta tana da hajijiya. Mun isa an riga an raba naman suna. Kawunku ya tare mu a ƙofa ya ce, "Sannunku da hanya, ta Kano kuka biyo?"

Shawara ta huɗu, sannu ba ta hana zuwa. Za a yi miki oda ta baya. Wata maƙwabciya za ta ce nata ɗan tun yana goye yake karanta jarida, wata 'yar'uwa za ta turo miki hoton takardar jarrabawar 'yarta ba ki tambaya ba. Ki riƙe layin dama. Ba su san inda za ki fita ba. Idan kuma kika yi tsawa, don za ki yi, jinina ne a jikinki, ki tsaya ki ba da haƙuri, kuma ki bar shi ya gindaya nasa sharaɗin.

Kwanakin da muka yi a Riyad na so in ci ribarsu. Na kai ku gidan tarihi na yi ta bayani a kan tukwanen mutanen da, har wani baƙo ya ɗauka ma'aikacin wurin ne ni. Ki tambayi Bilya yau abin da ya tuna, zai ce miki matakala mai tafiya da kanta da wata kyanwa mai ido ɗaya a bakin ƙofa. Ke kuwa garin ya zama miki littafi. A kasuwar Bat'ha kin karanta sunan kowane shago, har da waɗanda ke rufe. A kasuwar dabino na riƙa nuna kwali ina cewa, "Uwata, wannan wane iri ne?" Kina cewa sukkari, kina cewa khalas, ni da nake gane dabino da ƙanshi ido rufe. Wani dattijo mai sayarwa ya cika miki hannu biyu, ya ce Allah ya bar wa makaho 'yarsa. Na ce amin da ƙarfi.

Amma ki sani, ƙofar nan in ta buɗe ba ta rufuwa. Ranar da za mu taho, falon Kawunku cike da baƙi, kika fito daga banɗaki riƙe da wata 'yar kwalba kika ce, "Kawu, mene ne rinin gemu, baƙi wuluk, ba ya zuba?" Mutumin da ya shekara yana gaya mana cewa rashin furfura gadon gidansu ne. Mamanku ta tura fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Shawara ta biyar ta Majid ce: ya ɓoye abin da ya kamata a ɓoye tun yanzu.

Allona kuwa bai dawo Makka ba. Tun da muka tashi ba a kwance shi daga saman mota ba, sai na bar wa matar Kawunku. Na ji an ce har yau a kansa take shanya kuɓewa, kuma yana aikin da kyau.

To ga abin da nake so ki yi. Matar nan da ke cikin wayar Majid, mai cewa bi dama bi hagu, ku sallame ta da kun wuce Ɗa'ifa. Ku ce caji ya ƙare. Majid ya kula da tuƙi, ke kuma ki nemi lemon tsami, hajijiya gado ce ta wajen uwa. Ki zaunar da Ammar a kujerarsa inda zai hango gaba, ki ce masa ba ki san hanya ba kuma kina tsoro, wanda ba ƙarya ba ne. In kun shiga gari ku cika tanki ku ɗan ɓata. Man da za ku ƙona bai kai hawayen da ake zubarwa a kicin tsada ba. Jadawalin kuma kada ki yaga shi, takarda ce mai kauri, za ta yi kyau a shimfiɗa wa Jumana in za ta ci biskit.

Na san za ki ce Ammar ba ke ba ce, shi da gaske bai iya ba. To saurara. Ranar Juma'ar nan, kina kicin wurin albasarki, na lallaɓa da gwiwoyin nan nawa na shiga ƙarƙashin tebur. Na zaro kwalin maganina na ce, "Abokina, ka cece ni. Wannan kafin abinci ake sha ko bayan abinci? In na kuskure, kakarka za ta zama gwauruwa, kai za ka aure ta."

Ya ce, "Allah ya kiyaye. Tsoho, ina tabarau ɗinka?"

Na ce, "Biri ya ɗauke."

Ya harare ni, ya karɓi kwalin, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Ban ce uffan ba, na koyi darasina a Riyad. Can ya sa yatsa ya ce, "Ba... bayan abinci. Sau biyu." Sai ya miƙo mini da sauri ya ce, "Kada ka gaya wa Mama, za ta sa in karanta kwalin duka." Na yi masa alkawarin bakina ba zai faɗa ba, kuma bakina bai faɗa ba. Ke ma ki riƙe naki. Kayan suna cikin shagon, Ummi, mai shagon ne ke tsoron masu leƙe.

Allah ya kai ku lafiya ya sauke ku lafiya. Allah ya raya Ammar da Jumana, ya buɗe musu ƙirji, ya sa su fi iyayensu, wanda ta wajen kakansu ba abu ne mai wuya ba. Allah ya ba ki haƙurin layin dama. Ki gai da Kawunku Sabo, ki ce ina tambayar lafiyar gemu. Mamanku na nan tsaye a kaina tana gaishe ku, ta ce in rubuta cewa akwai lemon tsami a ƙasan kwalin, kuma ku kira in kun sauka daga dutse. Na bar ku a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Babanki,
tsohon Mudir.

Af, na kusa mantawa. Jiya na ji kin tsare Bilya a bakin ƙofa kina sa shi rantsuwa cewa zai riƙa zuwa duk Juma'a yana karanta mini magani da takardu, tunda ke ce ke yi tun dawowarmu daga waccan tafiya, kullum ina ce miki ko da tabarau ƙananan rubutu sun fi ƙarfina. Ki ƙyale Bilya, yana da aiki. Ki ce wa Ammar kakansa zai riƙa kiransa yana nuna masa kwali ta waya, don ba shi da kowa. Ke kuma ki ɗan nisanta takardar nan daga fuskarki ki dube ta: rubutu ƙanana kamar riɗi, shafi bayan shafi, ba layin da ya karkace. Wa kike zaton ya rubuta mini, birin Hada?